Cikin Ramatu da Anka Ce Ya Kwanta

Ku matso kusa, mata da ɗiyan mata, ku aje abin da ke hannunku ku ba ni kunne. Maza ma, in kuna bayan darni kada ku tashi, har da ku nake. Wagga ba gatanar hira ba ce. Abin da ya sami jikata Ramatu ne, na kuwa gan shi da idona tun daga farkonshi har inda ya tsaya. Ban shiga lakwal ba, makarantar boko ke nan. Bakin nawa ne, hannun da ya rubuta na wani ne.

Ramatu ɗiyar Mariyama ce, Mariyama kuwa ni na haife ta. Anka kai Ramatu gidan Sumana, a wani ƙauye kan hanyar Bonkuku, tafiyar hantsi daga namu. Sunka zauna lafiya, sai dai haihuwa ba ta zo ba. Da anka gama girbin hatsi, Sumana ya ɗauki jakarshi ya bi samarin ƙasarmu ta Kurfai zuwa Kwatano cin rani. Damina ta faɗi bai komo ba, ya aiko a yi mishi noma. Anka sake girbi bai komo ba. Sai da sanyi na biyu ya shigo, sannan cikin Ramatu ya fara tasowa.

Ku riƙe wanga da kyau: miji ya fi shekara ba shi gida, ciki kuma ya taso.

Ban sani ba sai ranar da Mariyama ta shigo ɗakina ta zauna bakin gado tana murza bakin zanenta. Ramatu ɗiyar fari ce gare ta. Kun san a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarshi, ko ciwo ya kada shi sai ta kau da kai awa ba nata ba. Can ta ce:

"Inna, an ce waccan ba ta jin daɗi."

Na ce, "Wace waccan? Ƙasar nan cike take da waccan."

"Kin san wadda nake nufi. Mata na magana bakin rijiya, in na iso sai su yi shiru. Ni ba ni iya zuwa. Ki je ki gano mini."

Kaka ba ta da wagga kunya. Washegari na ɗauki sandata na kama hanya.

Bibata ce ta tarbe ni, uwar Sumana, wadda mijinta ya rasu bara. Mace ce mai fara'a, mai son surukarta, kada wani ya ce muku ba haka ba. Ta riƙe hannuna ta kai ni bayan rumbu, ta nuna mini itacen da ta tara ya kusa kai tsawona.

"Na wankan jego ne, Iya. Kin kusa ganin tattaɓa-kunnenki."

Na ce, "Bibata, ɗanki fa ya daɗe."

Fara'ar ba ta bar fuskarta ba, amma muryarta ta yi ƙasa. "Kwantacce ne. Kafin shi tafi ta yi ɓatan wata, sannan ta ga ɗan jini. A nan cikin ya kwanta. Yanzu Allah ya tashe shi. Wanda duk ya faɗi wani abu daban, ni da shi ne."

Ban musa mata ba. Wa zai musa a Kurfai? Tun muna yara muke jin matar da cikinta ya kwanta shekara biyu, uku, sannan ya tashi anka haifi ɗa, anka raɗa mishi suna a gidan ubanshi. Alamu kuma duk ga su: jinin wata ya ɗauke mata, abinci ba shi shiga, ga kasala, ga zazzaɓi in rana ta yi sanyi. Na ce Allah shi raba lafiya.

Sai Ramatu ta fito daga ɗaki tana dafa bango.

Na ce, "Ke mummuna, mi kinka haɗiye haka? Tulu?"

Ta ce, "Tsohuwa, kin zo da bakin nan naki, ko ƙuli-ƙuli ba ki riƙo mini ba."

Ta yi dariya, dariyar ta yanke a tsakiya don numfashi bai kai ba. Na dube ta. Mai ciki takan cika, fuska ta yi fari, ƙirji ya yi nauyi. Ramatu kuwa sama tana bushewa, ƙasa tana kumbura. Warwaron da na ba ta ranar aure ya zame har gwiwar hannu. Ƙasusuwan wuyanta sun fito, ana iya aje goro a raminsu.

Na shiga da ita ɗaki na ce ta kwanta. Cikin shina sheƙi, cibiya ta ɓullo waje. Na lalubi kai ban samu ba, na lalubi ƙafa ban samu ba. Na aza tafin hannu a kwiɓi guda na ɗan bugi ɗayan, sai na ji abu ya taho ya daki hannuna, awa in ka bugi salka cike da ruwa. Da ta juya gefe, cikin duka ya zubo ya bi ta.

Na ce, "Shina motsi?"

"Ina jin abu na kai da komo in na juya."

"In ba ki juya ba fa?"

Ta kau da kai. Sannan ta kama wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. "Kaka, wallahi tun da Sumana ya fita ba namijin da ya taɓa ko bakin zanena."

"Na sani. Tashi mu tafi likita."

"A'a, Kaka. In cikin ya kwanta ne ya tashi, injinsu bai san kwanciya ba. Girmanshi za su auna su ce wata huɗu ne, ko biyar. In sunka faɗi haka gaban mutane, da wane ido zan dubi garin nan? Gara in mutu a nan."

To kun ji inda maganar ta ƙulle. Maganar kwantaccen ciki ita ke rufe mata asiri, ita ce kuma ta rufe mata hanyar likita, wato asibiti. Ni kaina na tsaya ina shakka. Hannuna ya ce ba ɗa, amma hannun tsohuwa ba ido ba ne. Na aika wa Mariyama cewa na zauna jinya.

Daga nan sai da ranakun kasuwa nake gane tafiyar lokaci. Kasuwar farko, Bibata ta sa anka kawo kanwa daga dallol, fadamar da ake haƙo ta, ana dama mata a kunu safe da maraice, wai ta kori iska ta kuma ƙarfafa ɗan. Ramatu ta yi gyatsa ta ji daɗi rana guda, cikin bai ragu ba. Kasuwa ta zagayo, wata ƴar uwar Bibata ta zo da saiwoyi daga wurin mai magani a Filinge. Anka dafa ta sha. Gudawa ta kama ta har sai an riƙe ta zuwa bayan gida. Ƙafafunta sunka zama kara, cikin kuwa shina nan inda yake, har ya ƙaru. Malam ya yi rubutu ta sha. Kowa ya shigo da tashi shawara: wanga ya ce ta bar wake, wancan ya ce ta bar nono, wata ta ce ta bar ƙwai kada ɗan shi fito ɓarawo. Sunka hana ta kusan duk abin da zai riƙe mata jiki.

Gidan su Bibata ba su yar da na gado ba, suna salla suna kuma ba Doguwa, iskar gidansu, hakkinta. Anka kira zima, wato mai kula da sha'anin iskoki, anka sa goge da ƙwarya da rana tsaka, anka yanka baƙar akuya. Ramatu na jingine da ni, ko zama ba ta iyawa sosai. Da anka watse, zima ya kira mu gefe, ni da Bibata. Tsoho ne, ba shi da yawan magana. Ya ce:

"An ba Doguwa abinta ta karɓa. Ba ta da fushi da yarinyar nan. Abin da ke damunta ba daga nan yake ba, ku nema wani wuri."

Bibata ta ji wanga a matsayin albishir. Ni kuwa na ji shi a matsayin gargaɗi.

A kwanakin ne Sumana ya aiko da murya ta tarhon maƙwabci. Anka kunna muna a tsakar gida. Ya ce, "Inna, labari ya iso nan, abokaina na yi mini dariya a masauki. Na ce musu ciki kan kwanta. In kin ce ya kwanta, na yarda, matata ce. Amma kada ku kai ta inda za a ƙirga mini wata." Ramatu na ɗaki, ta ji duka.

Kasuwa ta sake zagayowa, ta sake. Ta daina kwanciya rigingine, sai a zaune take barci, don cikin ya tokare mata ƙirji. Loma biyu ta ƙoshi. Wata safiya ta ce ta gaji da zama, ta ɗauki taɓarya za ta taya Bibata daka. Ɗagawa uku ta sulale gefen turmi, leɓɓanta sunka yi fari. Kafin ta farfaɗo har an fara maganar a kira wanzami shi yi mata sakiya a ciki.

Nan na jawo tabarma na zauna a bakin ƙofar ɗakin. Na ce, "Bibata, zo ki zauna. Ba ƙarfen da zai taɓa ta a gidan nan. Gobe zan kai ta likita, kuma da ke za a je."

"Iya, kin ji abin da ɗana ya ce."

"Na ji. Ɗanki na Kwatano, gawa kuwa a nan za a wanke ta, ni da ke. Saurara. In na tafi da ita ni kaɗai ta komo ba ciki, garin nan zai ce kakarta ta kai ta an zubar. Dole idonki shi gani. In sunka ce ciki ne sabo, ni da bakina zan gaya wa Sumana, shi sake ta in tafi da abata, ba za ku ɗauki kunyar kowa ba. In kuwa ba ɗa ba ne, ke da bakinki za ki gaya wa gari."

Ta dubi itacen jegonta, ta dubi ƙofar ɗakin. Ta ce, "In jikana ne fa, kwantacce, sunka yi mishi ƙarya?"

"In ta mutu, da shi za ta tafi."

Ta tashi ta fara ɗaure kaya.

Tun da anka hana hawan babur a ƙasarmu saboda rashin kwanciyar hankali, sai amalanken jaki. Munka shimfiɗa mata katifa munka jingina ta da buhu. Hanya ta bi ta gefen ƙauyenmu. Mariyama na tsaye bakin gona, ta juya muna baya yadda al'ada ta ce. Har mun wuce, sai na ji ta ƙwala kira, "Ramatu!" Tun da ta haife ta ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Sai ta rufe fuska da mayafi. Ramatu ta yi ta kuka har munka hango Filinge.

A likita munka tarar da layi, munka zauna inuwa har rana ta take. Ungozomar likita ta karɓi fitsarinta ta tsoma wani ɗan tsinke, ta ce ba ciki. Bibata ta ce, "Kwantacce ba shi nunawa a fitsari." Matar ba ta yi gardama ba, ta kai mu wurin lokotoro, mai duba marasa lafiya.

Lokotoron bai kai Sumana shekaru ba, amma Allah shi yi mishi albarka, bai yi muna tsawa ba. Ya aza yatsa a kan cikin Ramatu shina ƙwanƙwasawa da ɗan'uwanshi. Kusa da cibiya sai ka ji kwam-kwam awa ƙwaryar da anka kife. Da ya gangara gefe sai ƙarar ta mutu, dif-dif. Ya juya ta, wurin da ke dif ya koma kwam.

Ya ce, "Kaka, kin ji? Hanji ke yawo a sama da iskarshi, ruwa na ƙasa. In ta juya, ruwan ya gangara."

Ya jawo kujera ya yi muna bayani, na kuwa riƙe shi don in kawo muku. Ya ce ban da ɗa, abin da ke kumbura ciki ba shi da yawa. Akwai iska, wadda kowa ya sani: ka ci wake ko ka sha hura mai tsami da gaggawa, abincin ya tsaya shina tsima a hanji, ciki ya yi tim da maraice, ka yi gyatsa ko tusa, da safe ya sace. Wanga ba abin tsoro ba ne in shina zuwa shina tafiya. Akwai toshewar hanji: ciki ya kumbura farat ɗaya da murɗa da amai, ba bayan gida, ba tusa. Ya ce wanga ba a kwana da shi, ko shanu ne a gona a bar su a taho. Akwai ƙari, tsiron da ke girma a mahaifa ko kusa da ita, har mace ta zaci ciki ne. Sannan akwai ruwa. Ya kira shi da wani suna na Faransanci da ya zauna mini a kai, asit.

Bibata ta ce, "Ruwan da ta sha ne ya taru?"

Ya ce a'a. Ya tambaye ta ko ta taɓa gyaran kayan cikin akuya. Ta ce tun ba a haife shi ba. Ya yi dariya ya ce to ta san tantanin nan siriri da ke lulluɓe da hanji. Mutum ma na da shi. In hanta ta ƙandare jini ya kasa ratsa ta, ko zuciya ta gaji, ko ƙoda ta lalace, ko ciwo ya zauna a kan tantanin kanshi, sai ruwa shi riƙa tsatsafowa daga jini shina taruwa tsakanin hanji da fata, awa yadda sabuwar randa ke zufa. Ba hanyar fita gare shi. Maganin gudawa ba shi kai wurinshi, hanji kawai yake wankewa shi bar mutum ba ƙarfi. Gishiri da kanwa kuma riƙe ruwa suke a jiki. Da na ji an ambaci kanwa ban dubi Bibata ba, ita ma ba ta dube ni ba.

Ya ce zai rage mata ruwan don ta sami numfashi. Na ce wa Bibata ta tsaya kusa. Ya goge gefen cikin, ya soka allura mai ɗan tiyo, sai ga ruwa na bin tiyon shina zuba a galan, rawaya-rawaya, garai-garai, awa ruwan tsamiya da anka tace. Shina zuba, Ramatu na jan numfashi mai tsawo, irin wanda ta daɗe ba ta ja ba. Bai kwashe duka ba, ya ce in an kwashe lokaci guda jiki ba shi ɗauka. Ya ce kuma zai sake taruwa in ba a gano mafarinshi ba, sai mu wuce Yamai.

Bibata ta leƙa galan ta ce a hankali, "Ɗa ma ai cikin ruwa yake zama."

Uban Ramatu ya kai tumakinshi kasuwar Baleyara ya sayar, ni ma karsanata ta bi su. Munka shiga motar Yamai, mu uku. A kowane shinge sojoji su sauke mutane, Ramatu kaɗai suke bari a zaune in sun ga cikinta, har wani ya ce mata Allah shi sauke ta lafiya. Munka sauka gidan wani ɗan ƙauyenmu mai sayar da itace.

Yamai ta ba mu wuya. A babbar likitar da anka tura mu, takarda daga wagga taga sai waccan, kowace taga da abin da za ka biya. Mutumin da ke taga guda bai jin Hausa ko bai son ji, ya yi ta kora mu da hannu. Kalmar da na koya a can ita ce suba, gobe ke nan da Zabarmanci. Ɗaukar jini, suba. Sakamako, suba. Muna zaune gindin itace, cikin Ramatu na sake cika a gaban idonmu. Amma a gindin itacen nan ne wata Bazabarma mai jinyar mijinta ta riƙa raba dambunta da kopto, kwaɗon ganyen nan nasu, da mu, ba ta san sunanmu ba, ba mu san nata ba. Allah shi saka mata.

Ranar da anka shiga da ita ɗakin eko, injin da ke nuna cikin mutum a allo, na tura Bibata gaba. Lokotoron mace ce. Ta shafa wani abu mai sanyi a cikin, ta yi ta zagayawa, sannan ta nuna da yatsa.

"Wanga baƙin duka ruwa ne. Ga hanta, lafiya lau. Ga ƙoda. Ga mahaifa nan, ƴar ƙarama. Ba kowa a ciki, Inna, kuma ba alamar an taɓa zama kwanan nan."

Bibata ta ce, "Duba da kyau, ɗiyata. Ko ya ɓuya ta baya."

"Inna, ba inda zai ɓuya."

Bibata ta fita. Na same ta gindin itacen tana kuka ba ƙara, awa wadda anka yi wa rasuwa. Rasuwar kuwa anka yi mata. Na zauna kusa da ita.

Da sakamakon ruwan ya fito, wani lokotoro dattijo ya kira mu. Ya tambaya ko akwai wanda ya yi dogon tari a gidan. Bibata ta ce mijinta, tari ya ci shi har ya tofar da jini, sunka ce sanyi ne. Ya ce wa ya yi jinyarshi? Bibata ta nuna Ramatu. Ita ke ba shi kunu, ita ke zubar da kaskon tofinshi, ita ke share ɗakin.

Ya ce, "To tarin fuka ne."

Na ce, "Ƙaƙa tari zai kumbura ciki, ita da ba ta tari?"

Ya ce ƙwayar ciwon ta numfashi take shiga, amma ba dole ta tsaya a ƙirji ba. Takan bi jini ta sauka kan tantanin ciki, ta yi ƙuraje ƙanana awa an watsa gero, su ne ke sa ruwan tsatsafowa. Ita ke kawo zazzaɓin maraice da rama, ita ta ɗauke mata jinin wata. Ya ce akan same ta ma daga nonon saniya marar lafiya in ba a dafa ba. Shina cikin magana Bibata ta yi tari a bakin mayafinta. Ya tsaya ya dube ta. Ya ce tun yaushe? Ta ce ai tsufa ne. Ya sa anka auna majinarta, anka sami ciwon a ƙirjinta.

Maganin ƙwayoyi ne, kullum da safe kafin a ci komi, wata shida ba fashi. Gwamnati ke ba da su kyauta, a likitar kusa da gida ake karɓa. Bayan tumaki da karsana sun tafi, abin da zai warkar da ita ba a sayenshi. Ya gargaɗe mu cewa fitsari zai yi ja awa zoɓo, kada mu tsorata, amma in ido ya yi rawaya mu komo da sauri. Ya ce ta ci ƙwai, ta ci wake, ta sha dafaffen nono, duk abin da anka hana ta. Ya kuma faɗi abin da na so a ce bai faɗa gabanta ba: ciwon kan bar tabo a hanyar haihuwa, sai abin da Allah ya yi.

Munka komo. Kowace safiya su biyu a tabarma guda, suruka da uwar miji, suna haɗiyar ƙwayoyi. Zazzaɓin ya fara tafiya, sannan ci ya dawo, sannan cikin ya riƙa sacewa kaɗan-kaɗan. Abin da na ji tsoro kuwa bai yi jinkiri ba. Bakin rijiya anka ce an kai ta Yamai an zubar.

Bibata ta cika alkawari. Ranar wani suna a ƙauyen, mata sun cika gida ana rabon goro, ta miƙe tsaye. Ta ce:

"Ku yi shiru in faɗi magana guda. Ni na ce cikin surukata ya kwanta. Ba ciki ba ne. Ruwa ne, na gan shi a galan, na ga mahaifarta a allo ba kowa. Ciwon daga jinyar mijina ta same shi, lokacin da ba wadda ta leƙo ta taya ta a cikinku. Wadda ke da sauran magana ta faɗa yanzu ina tsaye."

Mata sunka sunkuyar da kai. Da yawa sunka zo daga baya sunka gaida Ramatu. Amma na ji da kunnena wata na cewa a zaure, tsofaffi biyu ne sunka shirya abinsu a mota.

Ga yadda kowa ya ƙare. Sumana ya komo da farkon damina, uwarshi ta zaunar da shi ta faɗa mishi komi, ya yarda, ya nemi gafarar matarshi. Anka auna shi, ba shi da ciwon. Bai sake tafiya Kwatano ba tukuna. Mariyama ta koma kunyarta, amma kowace kasuwa sai ta aiko da ƙwai. Zima ya rasu da bazara. Itacen jego, da shi anka yi ta dafa nonon masu jinya har ya ƙare.

Ramatu ta shanye maganinta har ƙwaya ta ƙarshe. Ta yi ƙiba, tana daka, tana noma, jinin wata ya komo mata. Haihuwa dai shiru har yau. In anka yi suna tana zuwa ta taya aiki, ta komo da wuri.

Bibata kuwa, da ta ji tarin ya lafa kuma aikin gona ya taso, ta ce ta warke, ta bar zuwa karɓar ƙwayoyi. Munka yi faɗa, ta ce ita ba yarinya ba ce. Da sanyi ya komo, tarin ya komo da ƙarfinshi, maganin farko bai ƙara kama shi ba. Ramatu ce ta yi jinyarta har ranar da anka fitar da gawarta.

Mu biyu, ni da Bibata, munka tsaya a kan galan ɗin nan, mu biyu munka dubi allon. Ɗaya na cikin ƙasa, ni kuwa gwiwoyina sun fara ƙi na. Don haka na sa a rubuta tun bakina na motsi. In ciki ya taso wa ɗiyarku, hannuwanta na bushewa, kada ku tsaya gardamar wata nawa, ku kai ta a duba. Wanda kuma ya ji ana taɓa sunan Ramatu bayan ba ni, shi karanta musu wanga: ni kakarta ina wurin, ruwa ne.